Ranar da Baba Ya Zo Ofis da Wuri

Injin da ya mayar da Auta baya shekara arba'in da ɗaya tsohon firiji ne, irin na kwancen nan na masu sayar da ƙanƙara. Masana bakwai da suka rage a duniya sun shekara tara suna cusa masa wayoyi, amma ba a samu mai hankalin da ya tuna ya sa ko matashin kai a ciki ba. Don haka matar da aka ɗora wa ceton 'yan Adam ta fito a bayan ofishin rajistar filaye da ciwon wuya, tana tsine wa ilimi. Awa ɗaya aka ba ta. Idan ta cika, firijin zai koma, da ita ko babu ita.

Baƙin da suka sauko daga wata duniyar, suka ƙone birane, suka tura sauran mutane cikin ramuka haƙar ma'adinai, mugaye ne na ƙin ƙarawa, amma masu son tsari. Dokarsu ta hana su taɓa duniyar kowa sai wani jami'inta ya buga musu hatimi a takarda, kuma ofishin da suka fara buɗe fayil, a nan za a ƙare shi. Wanda ya buga musu hatimin, wata ranar Laraba da ƙarfe goma da kwata, shi ne akawun tebur na uku daga taga. Mahaifin Auta ke nan.

Abin haushin, Baba mutum ne da ya shekara talatin da huɗu bai taɓa sallamar fayil a ranar da aka kawo shi ba. Akwai wanda ya kawo masa takardar fili yana saurayi, ɗansa ne ya zo ya karɓa. To, ana gobe abin zai faru, Auta tana 'yar shekara ashirin da ɗaya, sabon digiri yana mata ƙaiƙayi, ta wanke shi tas a gaban mahaifiyarta. Ta ce zaman kashe wando yake yi da sunan aiki, ta ce kunya take ji a ce shi ne ubanta. Washegari Baba ya isa ofis bakwai da rabi, ya rantse cewa a kwana ukun da suka rage masa kafin ritaya, duk fayil ɗin da ya shigo a ranar zai fita. Na baƙin ne ya zo na huɗu.

Auta ta shiga ofishin ta tarar da komai yadda ta san shi: fanka mai fiffike biyu, fayiloli ɗaure da igiya har rufi, bencin jira da mazaunan mutane suka goge ya yi santsi. Ga Baba nan ya naɗe hannun riga, ya jiƙa tawadar hatimi, yana zufa kamar sabon ɗauka.

"Sannu, Iya," ya ce. "Kawo takardarki, yau babu jira."

Yanzu ta girme shi da shekara uku. Shekara arba'in da ɗaya rabonta da muryar nan, domin a watan farko na mamayar aka kashe shi. Jawabin da masana suka haddatar da ita ya gudu.

"Baba, ni ce. Auta."

Ya sauke tabarau ya ƙare mata kallo. Mutumin da ya sha ganin matattu sun sa hannu a takardar fili ba ya saurin mamaki.

"Ai kuwa. Kin koma kakarki sak, har da ɗaure fuskar. Me ya same ki haka?"

Ta ja kujera ta zayyana masa komai da sauri: jiragen, wutar, ramukan, yadda ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta ga rana ba. Ta ce mutum uku za su shigo nan da minti biyar, ya yi wa Allah kada ya buga musu hatimin.

"Jiya kin ce ba na aiki," ya ce. "Yau kin taso tun daga ƙarshen duniya ki ce kada in yi. Ke dai ba a iya miki."

Kafin ta ba shi amsa suka shigo. Su uku ne cikin kwat ruwan toka iri ɗaya, ba sa ƙifta ido, ɗaya ya sa takalmin hagu a dama. Suka gaishe shi baki ɗaya, suka ajiye fayil.

Baba ya buɗe. Auta ta ga fuskarsa ta yi laushi. Tunda yake bai taɓa ganin fayil mai kyan wannan ba. Kowane shafi da lambarsa, ko gyara ɗaya babu. A gurbin girman fili an rubuta "duka" da rubutu mai tsabta. Hannunsa ya tafi wajen hatimi, ya ɗauka, ya danna shi a tawada.

Sai ya ajiye shi. Ya kwance hannun rigarsa a hankali, ya jingina da kujera, ya zaro tsinke daga aljihu ya sa a baki.

"Hoton nan bayansa fari ne. Shuɗi ake so yanzu."

Na tsakiya ya sa hannu a aljihu ya fito da shuɗi. Baba ko gezau.

"Madalla. Ina sa hannun maƙwabta?"

"Filin ba shi da maƙwabta," suka ce tare.

"Babu filin da ba shi da maƙwabci, ranku ya daɗe. Wa ke gabas da shi? Wa ke arewa? Kowa sai ya sa hannu, da shaidu bibbiyu."

Fitilun ofishin suka yi rawa, fanka ta tsaya cak. Mai takalmin ya sunkuyo, muryarsa kamar ana jan tebur a siminti.

"Muna da jirage dubu tara a bayan wata."

"Dubu tara?" Baba ya ciro tsinken ya duba bakinsa. "Da izinin wa kuka ajiye su a wurin? Wannan fom ɗinsa daban ne. Yana cikin kabad ɗin can, mai makullin kuma ya ɗan fita. Ku dawo gobe."

Suka daɗe a tsaye. Sai suka tattara takardunsu, suka yi godiya baki ɗaya, suka fita a jere, domin doka doka ce.

Auta ta fashe da dariya har da riƙe ciki, wuyan ma ta manta da shi. Da ta ɗago sai ta ga ita kaɗai ke yi.

"Gobe za su dawo," in ji Baba.

"Za su dawo. Ba sa gajiya, ba sa tsufa."

"Wanda zai gaje ni ranar Litinin sabon jini ne. An ce ko hutun rana ba ya fita."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani siririn fayil. Takardun ritayarsa ne, sa hannu ɗaya ya rage. Ya miƙe, ya ɗaga wani tulin fayiloli da ƙura ta rufe, ya tura nasa can ƙarƙashi, ya sake tulin a kai.

"Ya ɓata," ya ce. "Za a daɗe ana nema."

Ta san abin da ya binne. Shekara goma yana zancen ranar da zai huta, ya zauna a ƙofar gida yana kiwon tantabaru. Yanzu zai ƙare rayuwarsa a tebur na uku yana ƙirƙiro fom. Tausayinsa ya kama ta.

"Baba, abin da na faɗa jiya, ka yafe mini."

"Ke ba ki ce komai ba, Iya. Waccan marar kunyar ta gida ce, kuma ba ƙarya ta yi ba." Ya zauna. "In na gaya mata abin da ya faru yau, za ta yarda?"

Auta ta so ta yi masa ƙarya, amma ta san yarinyar sarai.

"Ba za ta yarda ba. Cewa za ta yi ka samo sabon uzuri."

"Za ta ci gaba da jin kunyata ke nan."

"Za ta ci gaba."

"Har in mutu?"

Ta sunkuyar da kai. Agogon bango ya nuna saura minti huɗu.

"Amma za ta tsufa a sarari," ya ce, "ba a rami ba? Za ta riƙa ganin rana?"

"Kullum, Baba."

"To, bar ta ta ji kunyar. Tashi ki tafi kada ki makara."

Ya juya kujerarsa ya fuskanci taga don kada ta ga idanunsa. Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba, ta fita.