Lambobin Tagulla na Kamfanin Bargo

A bayan Tudun Wada, nan Gusau, akwai wani kamfanin saƙar bargo da ya shekara goma sha bakwai a rufe. Wanda ya leƙa zai ga abin mamaki. Ceɗiya ta fasa rufin ɗakin injina ta fito, kuma an ce wata kaza ta taɓa ƙyanƙyasa cikin akwatin kuɗin manaja, wanda dama iska ce kaɗai a cikinsa.

Labbo ya yi shekara ashirin da biyu yana juya injin a can. Kowane wata a yanki wani abu daga albashinsa, a ce masa ajiyar tsufa ce. Tsufan ya zo bai makara ba, ajiyar ce har yau ba ta iso ba. Yanzu gyaran keken ɗinki yake yi a bakin kasuwa. Amininsa Haruna kuwa, zaryar neman haƙƙinsa ya yi ta yi a ƙofar kamfanin har ciwo ya kwantar da shi, ya rasu babu kuɗin magani. Tun ran nan, idan motar Alhaji Yahuza mai kamfanin ta wuce, Labbo yakan ajiye sukundireba ya bi ta da ido har ta ɓace.

Sai ga shi wata Talata motar ta tsaya a gabansa.

“Labbo sarkin injina! Ashe kana raye?”

“Yunwa ba ta gama da ni ba tukuna, Alhaji.”

Alhaji ya yi dariya ya jawo shi gefe. Ya ce gwamnati ta ware rance don tayar da masana’antun da suka mutu, kuma an turo wata mai bincike, Malama Wasila, ta zagaya ta rubuta rahoto. Abin da ta rubuta da shi za a yi aiki. Sai dai akwai sharaɗi: kamfanin da ma’aikata ke bin sa haƙƙin sallama ba zai ga ko sisi ba.

“Abu biyu nika so,” in ji Alhaji. “Ka tada min injin guda ta gan shi yana motsi. In ta tambaye ka, ka ce an sallami kowa. Naka kuwa, ran da rance ya fito, zan ƙirga maka shi cif, har da goro.”

Labbo ya dubi ƙasa. Kuɗin nan za su rufe masa ɗakin da ke yoyo, su sayi shanun noma biyu. Ya gan su a ransa, farare, har da ƙahoninsu. Sannan ya ga Haruna zaune kan dakalin ƙofar kamfani.

“To, Alhaji. Injin zai tashi.”

A kamfanin nan kowane ma’aikaci yana da lambar tagulla, kamar babban kwabo mai huda. Da safe ya rataye ta a allon ƙofa, da yamma ya cire. Ƙa’ida ita ce, ran da aka biya mutum sallamarsa da ajiyarsa, sai ya miƙa lambar ga ofis. Wanda ba a biya ba, tasa tana hannunsa. Alhaji ya manta da wannan. Labbo bai manta ba.

Kwana tara ya yi yana yawo da tsohon buhun taki, yana bin gidajen tsoffin ma’aikata. A Tsafe ya sami Asabe, matar marigayi Haruna. Ta ciro lambar daga ƙasan kwalla, naɗe cikin tsumma.

“Baban yara ya ce kada in bai wa kowa sai mai biya.”

“Ni ba mai biya ba ne, Asabe. Mai ramawa ne.”

Ta sa masa ita a hannu.

A Magami ya tarar da wata a wuyan akuya, wata kuma an ɗaura wa jariri saboda haƙori. A Bungudu ne ya ci karo da gardama, wajen Lawwali mai rini, wanda ya koma noman gero.

“Kai Labbo, tsufa ya taɓa ka? In kamfanin ga ya tashi, ɗiyana biyu za su samu aiki. Mi zan ci da ramuwa?”

“Za su samu aiki, awo. A yanki ajiyar tsufansu, su ma su gaji tagulla.”

“Bakinka ya sari ɗanyen kashi!”

Lawwali ya hana. Labbo bai roƙe shi ba, ya saɓa buhunsa ya yi gaba. Maganar ’ya’yan nan biyu ta bi shi har tasha, tana cizonsa kamar kuɗin cizo, amma bai juya ba.

Ranar da Malama Wasila ta zo, an share harabar, an shafa wa ƙofa fenti, an sare ceɗiyar. Labbo ya kwana biyu yana ba injin mai, da ya taɓa shi kuwa sai ya yi tari sau uku ya kama ruri. Ƙura da kashin jemage suka yi ta zubowa daga rufi. Shi kansa Labbo sai da idonsa ya kawo ruwa, don ya yi kewar wannan ƙara.

Malamar matashiya ce mai tabarau, ba ta da yawan fara’a. Ta yi tambaya kan wutar lantarki, da inda za a samo auduga, da bashin banki. Daga nan ta juyo.

“Baba, kai tsohon ma’aikaci ne? An biya ku haƙƙinku?”

“Ranki ya daɗe, ni jahili ne, aji huɗu na yi. Alhaji ya fi ni baki. Alhaji, gaya mata tsarin wancan allo mai ƙusoshi, ta san kamfanin ga ba na wasa ba ne.”

Alhaji ya gyara babbar riga. Dama yana son a yabi tsarinsa. Ya bayyana mata yadda ake rataye lamba, ya ƙara da cewa, “Duk wanda muka sallama, sai ya maido da lambarsa kafin ya karɓi kuɗi. Ba mu taɓa kuskure ba.”

“Wato wanda lambarsa ke hannunsa, ba a biya shi ba ke nan?” in ji Wasila, tana rubutawa.

“Ƙwarai ku...”

Bai ƙarasa ba. Labbo ya jawo buhun daga bayan injin, ya kama gindinsa ya zazzage. Tagulla ta watsu a kan siminti, wasu suka gangara har ƙarƙashin takalmin Alhaji. Ya ciro tasa daga aljihu ya ɗora a sama.

“Ɗari biyu da sha ɗaya, har da tawa. Akwai guda a Bungudu, mai ita ya hana.”

Alhaji ya matso har numfashinsa na dukan kunnen Labbo. “Ka ƙona naka, tsohon banza. Ko kwabo ba za ka gani ba.”

“Nawa ya daɗe da zama toka, Alhaji. Hayaƙin naka nika so in gani.”

Wasila ta rufe shafin da take kai, ta buɗe sabo. Ta nemi kujera ba ta samu ba, sai ta zauna kan wani tsohon akwatin zare.

“Baba, ka san masu su?”

“Da su da iyayensu.”

“To, ɗaya bayan ɗaya. Alhaji, kada ka tafi, zan so ka ji, ko akwai wanda za ka musa.”

Labbo ya kashe injin don a ji shi sosai. Ya durƙusa, ya ɗauki ta farko ya goge ta da bakin riga, ya fara kiran suna da ƙarfi. Har la’asar ta yi suna nan, Alhaji na tsaye yana sharce gumi, bai musa ko guda ba.