Ranar da Aka Wanke Rigar Farautar Baba

Shekara goma sha biyar rigar farautar Baba ba ta ga sabulu ba. Toka da hayaƙi ne wankinta, don kada naman daji ya ji warin mutum. Sai ga shi ranar Asabar da safe ya tarar da ita a kan kujera, an wanke, an goge, an ninke, tana tashin ƙamshi kamar ta ango.

Aikin Auta ne, 'yarsa da ta zo ganin gida. Wai tausayi, ta ga riga ta yi dauɗa. Baba ya dinga faɗa ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Kuma duk ranakun duniya a rasa wadda za a yi masa haka sai yau! Babban ɗansa ya daɗe yana damunsa da maganar ido, wai ganinsa ya ragu, ya haƙura da daji. Cikin fushi Baba ya rantse da bakinsa cewa in ya dawo hannu rabbana wannan karon, a zo a ɗauke bindigar. Su yaran ba su gane ba. Tun da ya ajiye tuƙin babbar mota suka mai da shi majinyaci, sannu Baba, zauna Baba, kawo a riƙe maka Baba. A daji ne kaɗai ake buƙatar kunnensa da haƙurinsa, can ne yake jin shi mutum ne.

Ya fita yana huci. Da ya isa mashayar da ya yi makonni uku yana bin sawun wata barewa, ya tuɓe rigar ya cusa ta a rami, ya shafe jikinsa da laka tun daga wuya har ƙugu. Ya watsa ƙasa sama ya ga inda iska ta nufa, ya laɓe a bayan kututture.

Da hantsi ta zo. Ya ji takunta, ya ji tana lasar ruwa, tazarar da ba ta wuce taku ashirin ba. Ya ɗaga bindiga, ya kanne ido ɗaya, sai ya ga komai dishi-dishi. Wani abu ja-ja ne kawai a gabansa, bai san ina kai ina gindi ba. Ya murje ido, ya sake. Haka dai. Shi kuwa bai taɓa harbin abin da bai gani sarai ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Tana gama sha ta yi tafiyarta a hankali, ko gudu ba ta yi ba. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ya shigo gida laka ta bushe masa a wuya. Auta ta durƙusa a tsakar gida idonta ya kumbura.

"Baba ka yafe ni, ni na kore maka barewar. Zan gaya wa Yaya laifina ne, a ba ka wata Asabar ɗin."

Ga hanya ta samu. Kalma ɗaya zai faɗa, bindiga ta zauna a ɗakinsa, Auta ta kwana da laifin. Ya tsaya, ya rasa wanda zai zaga. Sannan ya cire harsashin, ya jingina bindigar a bango.

"Tashi, Auta. Ba sabulunki ba ne. Kira min yayanki."