Yoyon Haske

Mijina haƙoran roba yake haɗawa a wani ɗan ɗaki bayan asibiti, amma da za ka tambaye shi sana'arsa, cewa zai yi shi maƙerin kumbo ne. Ba na gaske ba, na ɗorawa a kan tebur: kumbon sararin samaniya na roba, wani bai wuce tafin hannu ba, wani kuwa sai mutum biyu sun kama. Abokansa na ƙungiyar masu wannan wasan manya Mai Tara suke ce masa, don ƙofar mota ta cinye masa yatsan zobe na hannun hagu tun yana yaro. Shi ke gina jiki, ni ke sa wuta. Da injin huda haƙori yake huda tagogin, kowace ba ta fi kafar allura ba, ni kuma in bi su da zaren haske, wani siririn zaren roba mai kama da na kamun kifi, wanda in ka haska wannan bakin sai hasken ya fito ta wancan. Idanuna sun ci wuya a aikin nan, amma ban taɓa yi masa ƙorafi ba sai na wasa.

Abu ɗaya ne ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kai. Kafin a sa ƙwan fitila ko ɗaya, sai an shafe cikin jirgin da baƙin fenti, a bari ya bushe, a sake shafawa. In ba haka ba, roba ba ta da sirri: ana kunnawa haske zai ratsa ta ya fito ta inda ba a aike shi ba. Yoyo suke ce wa wannan. A wurin mijina, yoyo abin kunya ne kamar fita taro da yagaggen wando. Kuma ba a gane shi a ɗaki mai haske, sai an sauke labule, an toshe ƙasan ƙofa da tawul, an jira ido ya saba da duhu.

Kumbonsa na ƙarshe shi ne babba. Ya cinye mana teburin cin abinci ƙurmus, muka koma ɗora faranti a cinya. Wata ranar hutu da hantsi yana shafa baƙin fenti a ƙasan cikin jirgin, kujera ta zame masa, ya dafa da hannun hagu, daf, a kan ɗanyen fenti. Da ya ɗaga, tafinsa ya kwashe baƙin, ya bar sawun hannu fes a kan farar roba, yatsu huɗu da gurbi a tsakani. Na yi dariya har na riƙe ciki.

"Ki yi mai isarki," ya ce, yana neman tsumma. "Amma kada ki bari kowa ya ga wannan abin kunyar. In ya bushe zan rufe shi."

Ya ɗaura benen jirgin, faifan da ke raba cikinsa sama da ƙasa, a kai don ya gwada ko ya zauna daidai, bai sake kwance shi ba. A makon nan ciwo ya kwantar da shi, daga asibiti kuma bai dawo gida ba.

Shugaban ƙungiyarsu shi ake kira Kyaftin. Kujerun ofis yake sayarwa, bai taɓa tuƙa ko keken guragu ba, amma hular matuƙa jirgi ba ta barin kansa in za a yi taro. Da ya zo gaisuwa ya fi kowa kuka, har sai da ni mai rashin na koma ba shi haƙuri. Yana share hawaye idonsa na kan tebur.

"Matarmu," ya ce, "ki ba ni jirgin nan in ƙarasa masa. In baje koli ya zo, sunan ɗan'uwana za a rubuta a gabansa da manyan baƙaƙe. Wannan alkawari ne."

Na ba shi. Ni da kaina na naɗe jirgin da bargon gadonmu don kada ya gurje a mota.

An yi watanni shiru. Sai ga Auta, 'yarmu da ke aiki a kantin magani, ta shigo ko sallamar kirki babu, ta miƙo mini waya.

"Umma, zauna tukun kafin ki kalla."

Kyaftin ne ake hira da shi a talabijin, da hularsa, hannunsa a kan bayan jirgin mijina. Ya shafa masa fenti ruwan toka mai haske, aikin da ya iya ke nan. Na ji da kunnena yana cewa shekaru ya yi yana fama da shi shi kaɗai, har ciwon baya ya samu. Mai hirar ta tambaye shi yadda ya huda tagogin, ya ce, "Haƙuri ne kawai da baiwa." Ko a kuskure bai ambaci Mai Tara ba.

Ban yi kuka ba. Sai dai na ji ina son in ga mutumin nan ya tozarta a gaban jama'a, kuma ina son in kasance a tsaye a wurin. Auta ta ce mu je shagonsa mu yi masa tas a gaban masu ciniki. Na ce a'a. In muka yi haka, cewa za a yi baƙin ciki ya taɓa matar Mai Tara, a ba shi haƙuri, a ba ni ruwan sanyi. Na san abin da Auta ba ta sani ba: jirgin babu wuta a cikinsa, kuma duk ƙungiyar babu mai iya zura zare a tagogin nan sai ni. Na ce mata ta koma aikinta, zai kawo kansa.

Ya kuwa kawo. Baje kolin na ƙaratowa sai ga shi da jirgin a bayan mota da kwalin biskit a hannu.

"Matarmu, hannunki ake nema. Kin san ni da wayoyi ba ma shiri."

"Sannu da ɗawainiya, ranka ya daɗe," na ce. "Yaya ciwon bayan?"

Ya ɗan yi tari. "Ai kin san 'yan jarida, su suke sa wa mutum magana a baki."

"Haka ne. To, sunan wa za a rubuta a katin?"

Ya gyara hula. Ya ce dokar gasa ba ta yarda a sa sunan wanda ba ya raye ba, kuma in an duba, ai fenti shi ne rabin aiki, kuma shi marigayi ba mutum ne mai son suna ba. Na bar shi ya gama zuba. Na ba shi ƙofa ya fita da mutuncinsa, shi ya rufe ta da hannunsa.

"Ajiye shi a kan tebur," na ce. "Ya san wurinsa."

Da ya tafi na raba jirgin biyu, na kwance benen. Kyaftin bai taɓa kwance shi ba, ƙusoshin suna nan yadda mijina ya ɗaure su. Ga hannun nan a ƙasa, fari a cikin baƙi, har zanen tafin ana gani. Na daɗe a zaune ina kallonsa. Gwangwanin baƙin fentin yana kusa da gwiwar hannuna, shafa biyu ta ishe shi. Na ɗauke gwangwanin na kai shi ƙarƙashin gado.

Na yi aikin nan yadda ban taɓa yin wani ba, don ba na son a samu abin kushewa ko ɗaya sai wanda na zaɓa. Na bi kowace taga da zarenta, na tattara su dami-dami na ɗaure a bakin ƙwan fitila. Na liƙe wayoyi da dalma har ƙaurinta ya kama labulen falo. Duk wata kafa da haske zai iya silalewa na toshe ta. Sannan na ɗauko ƙwan da ya fi kowane ƙarfi a akwatina, na dasa shi a ƙarƙashin bene, fuskarsa na kallon tafin hannun. Na yi makunni biyu: na farko na tagogi, na biyu na wutar injin baya, na haɗa ƙwan nan da na biyun. Na mayar da bene, na haɗe jirgin da gam, na goge layin haɗin har ya ɓace.

Da tsakar rana ya zo ɗauka, rana ta cika falo. Ya danna na farko, ya sunkuya ya ga tagogi suna ƙyalli. Ya danna na biyu, ya zagaya baya ya ga injin ya yi shuɗi. Bakinsa har kunne.

"Ranka ya daɗe, ba za a sauke labule a duba yoyo ba?" na ce. "Shi da ya gina ba ya barin jirgi ya fita sai an duba."

"Haba matarmu, aikinki ne fa. Kada mu cinye batir a banza."

Na faɗa masa. Auta na wurin, ita ce shaidata.

A zauren bene na babban ɗakin karatu aka yi baje kolin. An ɗora jirgin a kan dogon ƙarfe a tsakiya, sama da kan mutane, yadda kowa zai ga ƙasansa. A gindin ƙarfen ga kati da sunan Kyaftin. Mutane sun cika: iyaye da 'ya'yansu, 'yan ƙungiya, masu ɗaukar hoto, da alƙalin gasa, wani dattijo mai gyaran agogo wanda ya sha zama a falonmu suna gardamar gam da mijina. Ni da Auta muka tsaya a gaba, don na ce mata ba zan kalli wannan ta bayan kafaɗar kowa ba.

Kyaftin ya yi jawabi mai tsawo. Ya gode wa matarsa, ya gode wa mai kawo masa fenti. Sannan ya ce a ja labule, a kashe fitilu.

Ya danna na farko. Tagogi suka kama gaba ɗaya, jere-jere tun daga kai har wutsiya, aka yi tafi. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, aikin ya yi kyau. Ya danna na biyu.

Injin ya yi shuɗi. A ƙasan jirgin kuma, a hankali yadda ido ke sabawa da duhu, hannu ya bayyana. Hannun hagu, a buɗe, yana haske ta cikin fentin Kyaftin, kamar wani ne a ciki ya dafa bango. Yatsu huɗu da gurbi.

Masu tafi suka dakata. Wata mata ta ce wa mijinta, "Ado ne?" 'Yan ƙungiya sun riga sun gane, na ji numfashinsu. Kyaftin yana tsaye a gefe bai ga komai ba, yana jiran ƙarin tafi, sai da ya ga kowa ya ɗaga kai sannan ya leƙo. Ya shiga danna makunni yana neman kashewa, ya kashe tagogi ya bar hannun shi kaɗai a cikin duhu.

Muryar mai gyaran agogo ta fito a natse.

"Kyaftin, ɗaga mana hannunka na hagu."

"Wannan... yoyo ne kawai, kuskuren mai sa wuta ne..."

"Mun ga yoyo ne. Hannun muke son ƙirgawa."

Wani ya kunna fitilar waya ya haska shi. Ya tura hannayensa biyu a aljihu. Daga bayan zauren aka fara dariya, ta yi ta gangarowa har gaba, masu hoto suna ta ɗauka. Ya dube ni, na dube shi, na ce, "Allah ya sauwaƙe ciwon baya, ranka ya daɗe." Ban san lokacin da ya fita ba, hularsa dai a kan kujera aka tsince ta. Na ji sanyi a raina har tafin ƙafa, kuma har yau ban ji tausayinsa ba.

Dattijon ya zare katin ya kife shi. Ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"'Yata, jirgin Mai Tara ne, kowa ya gani. Amma kin san doka. Jirgi mai yoyo ba ya cin gasa. Duk tsawon zamansa da mu bai taɓa kawo mai yoyo ba, wannan ne na farko."

"Na sani, Baba."

"In kin yarda, a buɗe a rufe wurin, a kawo shi baɗi da sunansa. Babu mai ja da shi."

Na ce zan yi tunani. Maganar mijina ce ta dawo mini, cewa kada in bari kowa ya ga wannan abin kunyar, ga shi na nuna wa zaure guda.

Da yamma muka mayar da jirgin kan teburinsa. Auta ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin baƙin fenti ta ajiye a gabana. Na ce ta sauke labule ta toshe ƙasan ƙofa. Muka kwantar da jirgin a gefensa a kan bargo, na danna makunni na biyu.

Na ɗora hannuna na dama a kan nasa, tafi da tafi. Ƙwan ya ɗumama robar. Tafinsa ya fi nawa faɗi, haske na fitowa ta gefe-gefe, yatsuna huɗu suka samu abokan zama, ɗaya ya kwanta shi kaɗai a kan baƙi.

"Umma, in kawo burushi?"

"Mayar da gwangwanin inda kika ɗauko," na ce. "Ki duba mini ko akwai sauran batir a cikin durowa."