Tururuwar Bayan Gidan Burodi

"Tona nan!" in ji Manaja Kamilu, yana nuna gindin katangar bayan gidan burodi, inda tururuwa ta yi dandazo. "Tururuwa ba ta taruwa a banza. Wani ke satar mana suga yana binnewa."

Mati, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ya karɓi fartanya ba da son ransa ba, don ya fi kowa sanin abin da ke wurin. Nan maƙwabcinsa Dallatu, mai kwaɓa fulawa, yake tsugunawa fitsari sau goma a yini tun da ciwon suga ya kama shi. Wata huɗu ke nan Mati na bin bayansa da buta yana wanke wurin, saboda Manaja ba ya ajiye mara lafiya. Bara tari kawai wani ya yi aka sallame shi. Ga shekara ta yi tsanani, kwanon gero ya gagari talaka. Yau kuwa aka yi rashin sa'a, randa ta ƙafe, bai samu ya wanke ba.

Ya tona har gwiwa, ba suga ba dalilinsa.

"Kullum ina ganinka a nan da buta," in ji Manaja. "Kai ka kwashe. Ajiye mana rigarmu ka kama gabanka."

Sai ga Dallatu ya fito, hannu duk fulawa. "Ranka ya daɗe, ƙyale shi. Fitsarina suke sha. Ciwon suga gare ni, ban taɓa na sito ba."

Ma'aikata suka tuntsire da dariya. Manaja ko murmushi bai yi ba. "To ka je gida ka yi jinya, Allah ya sawwaƙe."

Mati, wanda ko da matarsa ba ya iya musu, sai ya ji bakinsa ya buɗe. "Doka ta hana a kori mutum don ciwo!"

"Wace dokar?"

"Ta rediyo. Da kunnena na ji."

Sauran suka fara tuɓe rigunan aiki ɗaya bayan ɗaya. Ga kwaɓi yana ta kumbura, ga masu babur suna jiran burodin kasuwar Ɗambatta. Ba dokar ce ta tsorata Manaja ba, kwaɓin ne. Nan take aka yarda Dallatu ya zaga duk sanda ya matsu, ya ci abinci in jiri ya taso masa, har da benci aka ba shi. Ya riƙa kishingiɗa a kai kamar sabon dagaci, yana cewa, "Lauya Mati, miƙo min ruwa."

Sati bakwai ya yi yana morar bencin. Wani gyambo da ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, ran wata Laraba bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Mati ya yi kuka sosai, bai ɓoye ba.

Da ya koma aiki bayan sadakar uku, bai ankara ba sai ya tsinci kansa a bayan katanga da buta cike a hannu. Ƙasa a bushe take. 'Yan tururuwa suna ta kewaya bakin ramin da ya tona. Ya ajiye butar, ya tsuguna, ya ɗan gutsuro burodi ya marmasa musu.