Bikon Kyanwa

Takalmin sojan ya wuce ɓeran da kamu guda, ya daki kaskon ruwan kaji, kasko ya rabe biyu. Ɓeran ko sauri bai yi ba. Ya tsaya a bakin raminsa ya dubi Attahiru, kamar mai cewa a gaida gida, sannan ya shige.

"Madalla, Kofur," in ji Attahiru, da kansa yake. "Shekara ukku kana yaƙin duniya cikin dajin Bama, yau ga ka kusu ya gagare ka."

Ya durƙusa ya ƙirga 'yan tsakin. Huɗu. Jiya biyar ne, ran Juma'a tara. Can a lungu ga ɗan fiffike da ƙafa guda, abin da ɓera ya rage ke nan daga na biyar ɗin.

Wata biyar ke nan da Baturen gona na Sakkwato ya ba shi kajin Turawa, jajaye manya, zakara ɗaya da kaji biyar. Duk Boɗinga shi aka zaɓa, wai tsohon soja ya san bin oda. Odar kuwa uku ce: a ɗaki za su zauna, hatsi kada ya yanke a gabansu, kazar gida kuma kada ta kusance su don gudun cuta. Attahiru ya ga uku sun yi kaɗan, ya ƙara ta huɗu daga kansa. Ya ce kyanwar matarsa Safinatu sai ta bar gidan, don kyanwa ɓarauniyar tsaki ce. Shi da hannunsa ya sa ta a buhu ya kai Shagari gidan surukarsa, har ya tsaya a zaure yana faɗa da ƙarfi cewa zamani ya wuce kiwon kyanwa. Ba a yi sati biyu ba ɓeraye suka tare, su da iyalansu.

Babu abin da bai gwada ba. Ya ɗana tarko, tarko ya kama yatsar zakara. Ya toshe ramuka da fasassun kwalabe, suka haƙa sababbi a gefe. Ya yi turaren barkono, shi da kaji suka wuni tari, ɓerayen suka je ɗakin Safinatu suka huta, hayaƙi na wucewa suka dawo. Ga shi gobe Talata Bature zai zo. Ya riga ya faɗa: in bai tarar da tsaki da rai ba, zai kwashe kajin ya ba Mode mai lambun albasa. Moden nan kuwa shi ne wanda Attahiru ya gaya wa a tsakiyar kasuwa cewa nan da baɗi kazar Hausa sai dai a ba jikoki labarinta.

Ya fito yana ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Safinatu na surfe a gindin rumbu.

"Nawa sunka rage?" ta tambaya.

"Huɗu."

"Allah shi jiƙan na biyar." Ta ci gaba da surfenta. "Ni dai ban ce komi ba."

"Ai gara ki ce. Wanga shiru naki ya hi zagi ciwo."

"To, hanyar Shagari dai ba ta ɓace ba. Buhun ma shina nan inda ka aje shi."

Ya tsaya yana susar ƙeya. Kunya ta kama shi tun bai tafi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗaure buhun a bayan kekensa ya kama hanya.

An gama yankan gero, gonaki duk dammuna a jere, ɓeraye na cikin daula ko'ina. Tafiya ce mai nisa, ga yashi, rabinta tura keken ya yi. Yana tafe yana shirya jawabi. Zai ce Safinatu ce ke kewar kyanwarta. Kafin ya hango garin jawabin ya yi kyau ƙwarai, har shi kansa ya fara yarda da shi.

Da azahar ya isa. Ya tuɓe takalmansa a zaure, ya yi sallama, ya shiga ya tsuguna nesa, kai a ƙasa, yadda suruki ke yi. Inna Kulu, uwar Safinatu, tana kan tabarma tana kaɗi. Ga kyanwar kwance a gefenta, ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace. Aka gaisa, aka tambayi gida, da gajiya, da kaka, aka sake gaisawa. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ya auri 'yarta, ba ta kuma duban fuskarsa. Yau ma da ya fara jawabinsa, kyanwar ta juya ta kalla.

"Mussa, kin ji," in ji ta. "Wanda yak kore ki cikin buhu ya zo biko."

Jawabin Attahiru ya watse. Ya ji bakinsa na faɗin gaskiya ba da izininsa ba. "Inna, kusu ya gama da ni. Tara anka ƙyanƙyashe, saura huɗu. Gobe Bature na zuwa."

"Mussa, za ki koma?" Kyanwar ta yi hamma. "Ta ce a'a. Ɗiya ukku gare ta ƙarƙashin rumbu, ko ido ba su buɗe ba. Ita ba ta barin nata." Ta murza mazari. "Amma tambaye shi, su ɗiyan tsakin ina uwassu?"

"Tana nan, Inna. Kwana biyu da ƙyanƙyasa ta tashi ta koma cikin 'yan'uwanta. Ko kallonsu ba ta yi."

"Hatsin hwa, gabansu shike kwana?"

"Haka Bature yac ce."

"To kin ji, mussa. An aje ma kusu tuwo, an aje mishi nama, an kori mai gadi, an ja ƙofa kada kowa shi dame shi. Wallahi in ni ce kusu, ni ma can zan tare."

Attahiru ya so ya yi dariya, kunya ta hana. A ransa ya ce, wannan ko Saja Manjo bai taɓa wanke shi haka ba, kuma shi da ihu yake nasa.

Inna ta ajiye kaɗi, ta zaga bayan ɗaki, ta dawo riƙe da wata kaza. Attahiru bai taɓa ganin halitta mai muni irinta ba. Fingi ce, gashinta duk ya miƙe sama kamar an fige ta an fasa, ga ido ɗaya ya tsiyaye.

"Shekaranjiya shirwa tak kwashe mata na ƙarshe," in ji Inna, muryarta ta sauka. "Wurin faɗan ta rasa idon. Tun ran nan take yawo tana kiransu, ko ci ba ta yi. Tausayinta nike ji. Ga uwa ba ɗiya, ga ɗiya ba uwa. A sa ta cikin tsakin da magariba, a ɗauke hatsi in rana ta faɗi."

"Inna, a gafarce ni. Bature ya hana kazar gida shiga ɗakin."

"Mussa, tambaye shi: Baturen ciki shike kwana?"

Ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Kazar ta sare shi a babban yatsa har jini ya fito. Ya yi godiya.

Buhun da ya kai kyanwa, shi ya ɗauko fingi. Da ya kusa Boɗinga ya bar hanya ya bi ta fadama don kada a gan shi, ya manta lambun wa ke can. Mode na ban ruwa, ya ɗaga kai ya ga kan fingi ya leƙo ta hujin buhu.

"A'a, Kofur! Wagga kuma daga wace ƙasar Turai?"

Attahiru ya taka kekensa kamar bai ji ba.

Ana kiran magariba yana tsaye a ƙofar ɗakin kaji, fingi a hammata. Shekara uku yana soja bai taɓa karya oda ba. Ga shi zai karya biyu a tashi ɗaya, da odar wata tsohuwa mai magana da kyanwa. Ya ji 'yan tsakin na kuka a lungu, sun cure wuri guda. Ya yi bisimilla, ya ɗauke kaskon hatsi, ya sauke ta.

Ta karkata kai ta dube su da idonta ɗaya. Ta sari na farko a ka. Sai ta yi wani ɗan gunji a maƙogwaro, ta buɗe fukafukai ta zauna. Ɗaya bayan ɗaya suka shige ƙarƙashinta. Ya ja ƙofa a hankali.

Da hantsi motar Bature ta tsaya a ƙofar gida. Attahiru ya ƙame, ya sara, ya buɗe ɗaki. Abin da suka fara gani ɓera ne kwance a bakin raminsa, kai a fashe. Can tsakar ɗaki fingi na tafe, 'yan tsaki huɗu na binta, zakaran Turawa da matansa sun koma jikin bango sun ba ta fili.

"Kofur, mene ne wannan?" in ji Bature da Hausarsa ta littafi.

"Mai gadi ce, ranka shi daɗe."

"Na ce babu kazar gida."

"Ka ce, ranka shi daɗe."

Bature ya sunkuya zai kama ta. Attahiru ya buɗe baki zai yi gargaɗi, sai ya tuna ba a ba shi odar magana ba. Fingi ta tashi sama ta sare shi a hannu. Bature ya ja baya da sauri har hularsa ta faɗi, ya naɗe hannu da hankici. Ya daɗe yana kallon ɓeran, yana kallon 'yan tsakin. Sannan ya zaro littafinsa ya rubuta: tsaki huɗu, da rai.

"Kaji za su zauna," ya ce. "Amma wannan, a fitar da ita yau."

"To, ranka shi daɗe."

Mota ta tashi. Safinatu ta fito daga bayan zana, inda ta ji komai, tana danne dariya da bakin zane.

"To, Kofur, an ba ka oda. Za ka hidda ta?"

Attahiru ya dubi babban yatsansa da ya kumbura, ya dubi ƙofar ɗakin.

"Shi da yab ba da odar ma ya gwada," ya ce. "Ni na yi yaƙina tun a Bama. Miƙo mini tsaba in kai mata."