Abin da Agwagwa Take Cewa

…to ɗanta Zlatko ya ji ke nan? Ya ji. Tsveta na tsaye, ɓawon gasasshen tattasai manne a yatsunta, ta kasa waiwayawa. In ta waiwaya ta tarar kunnenta ne ya yi mata ƙarya fa?

Ai baya ta ba shi. Bai ga bakinta ba. Littafin ma yana can kan taga a rufe — tsohon littafin Stoyan, mijinta, mai agwagwar nan da ke birkita kalmomi, ta ɗora kan wannan a wutsiyar waccan. Wane yaro ne a ƙauyen nan bai yi dariyarsa ba? Ita ba karantawa take yi ba, haddace shi ta yi, don kunyar in'ina gaban suruka. "Amarya, kafin ki kai ƙarshen shafi yaron nan ya yi gemu," in ji surukar, Iya Donka…

Sanƙarau. Farin gado, warin magani. Likitan birni yana kallon takalminsa: wataƙila jin ya dawo, wataƙila… Tun ranar Zlatko ya yi gum. A kira shi, shiru. Murfin tukunya ya faɗi, ko gezau. Stoyan, kana can Jamus kana ɗora bulo, ka bugo ka ce yaya yaron, na ce lafiya lau — me zan ce maka?

Yau kuwa bakinta kawai ke tafiya da labarin agwagwar, don kada hawaye ya ɗiga cikin tattasan da take tanada don hunturu. Gajiya ce ta sa ta faɗi maganar agwagwa a miƙe, daidai, kamar ta mai hankali. Sai daga ƙarƙashin tebur, wata 'yar murya a dushe:

"Mama, ba haka take cewa ba."

Iya Donka na yin alamar gicciye a ƙirjinta, tana dariya tana jan hanci. "Ji ɗan nema! Mu muna nan muna ta kuka, ashe kana jin mu!"

Kunne ɗaya ne, ko duka biyun? Sai likita ya duba. Stoyan… a kira Stoyan… hannun duk mai…

"Sake, Mama."

Ta ajiye tattasan. Tana zamewa ƙasa, jingine da murhu, har yanzu ba ta waiwaya ba. Shafin da ta sani kamar sunanta — ina ya shiga? Yana jira. Yana jin ta.

Yaya ma agwagwar take cewa?