Kyandir ɗin Nea Anghel

Sautin ya ɗauke ne Tudora tana tsakiyar tuƙa tuwon masara. Waƙar da ke ratsowa ta bango tun hantsi ta yanke ɗif. Ta saki muciya cikin tukunya, ko wuta ba ta rage ba, ta laluba aljihun riga ta ji kyandir da ashana suna nan, ta fita da silifa ƙafa ɗaya. Bango ɗaya ne ya raba kicin ɗinta da falon tsohon maƙwabcinta Nea Anghel a hawa na uku, amma ciwon gwiwa ya mai da 'yar tazarar nan doguwar tafiya.

Kafin ta gama tura ƙofarsa ta riga ta ƙyasta ashana.

Yana kwance a gadon da aka jawo masa falo, idonsa biyu, yana kallon silin.

"Hure ashanarki, maƙwabciya," in ji shi da 'yar muryar da ciwo ya rage masa. "Ban tafi ba tukuna."

"Kai ka danna?"

"Ko taɓawa ban yi ba. Shi ya ga dama."

"Allah ya isa tsakanina da wannan akwati!" Ta hure wutar, ta jingina da ƙofa tana haki. "Tuwona na kan wuta. In ya ƙone kai za ka ci ƙanzon."

"Da wane haƙorin?"

Ba ta yi dariya ba. Ta gyara masa matashi, ta koma ta tarar da tuwon ya kama.

Alkawari ne ya ɗaure ta. Matarsa Zamfira a asibiti ta rasu shekarun baya, da rana tsaka, babu kowa a kanta, babu kyandir a hannunta. Kowa a garin Braila da ke bakin kogin Danub ya san wanda ya cika babu haske a hannu, cikin duhu zai yi ta laluben hanya a can. Nea Anghel ya yi addu'o'i, ya raba burodi da kyandir sadaka, amma abin bai taɓa barin ransa ba. Ranar da likita ya sallamo shi, ya ce ciwon huhun ya fi ƙarfin magani, abin da ya fara roƙon Tudora ke nan tun suna kan matakala.

"Ba na tsoron tafiyar. Duhun nake tsoro. Kar ki bari in tafi irin ta Zamfira."

Ta ce ta ji. Ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita ta riƙe masa nasa kyandir ɗin. 'Yar Nea Anghel ɗaya ce, Mirela, tana Italiya tana jinyar tsohuwar wasu, ba za ta samu tahowa ba sai mutanen gidan sun sami wadda za ta canje ta. Don haka Tudora take kwana a kujerar falonsa, da rana kuma ta koma nata gidan ta yi girki da wanki. Kira da baki ya gagare shi, waya kuwa yatsunsa sun kumbura ba sa iya latsa ta. Shi ya kawo dabarar da kansa. Amfilifayar da Mirela ta saya masa, akwatin nan mai ƙara sautin rediyo da talabijin, za ta wuni tana yi. Muddin Tudora na jin sauti ta bango, yana nan. In ya ji abin ya taso masa, zai danna jan maɓallin da ke saman rimot, shi kaɗai ne babba a cikinsu. Shiru shi ne kira.

Amfilifayar ita ce mafi araha a shagon, Mirela ma ba ta ɓoye ba. Baƙin akwati ne mai faɗi, da 'yan sifiku biyar da aka rarraba a falon, da wata babba a ƙasa mai gurnani. Shi kam ji yake da ita kamar jikarsa. Rayuwarsa duka a jiragen dakon kaya na kogin Danub ya yi ta, ƙarar inji ta cinye masa kunne.

"Ba ki san darajarta ba ne," in ji shi wata rana tana ba shi romo mai tsami a baki. "Da talabijin kaɗai, baki kawai nake gani yana motsi. Yanzu ji mai labaran nan. Kamar a bakin gadona yake zaune, har haɗiyar yawunsa ina ji."

"To ƙara mata murya mana mu ji. Ai sai ta hau kakari kamar tsohuwar bas a hawan tudu."

"Kwalekwale ce, ba jirgin dako ba. Iya ƙarfinta ke nan."

"Wayoyin baya fa? Tsintsiya ta ɗan goge su sai su zare. Jiya durƙuso na yi ina cusa su, da ƙyar na miƙe. Rimot kuma maɓallai kamar an watsa shinkafa, rubutun duk da Turanci."

"Amma rediyonta fa? Har tashoshin ƙetaren kogi take kamowa tas."

"Rediyo dai. Buɗe bakin, ya huce."

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya gallabe ta shi ne ɗaukewar. Sai akwatin ya yi ta yi lafiya, can rana ta ɗaga sai a ji ƙas, ya mutu da kansa. Ta taɓa fitowa daga wanka da kumfa a kai. Ta taɓa jefar da bokitin shara a matakala, ɓawon dankali ya gangara har hawa na biyu, matar gidan ƙasa ta yi ta mita. Wata rana ma ta same shi ido rufe, baki buɗe, ta kunna kyandir ta damƙa masa tana kuka tana addu'a, sai da narkakken kyandir ya ɗiga masa a yatsa ya farka a firgice.

"Haba Tudora! Da raina za ki gasa ni?"

"To ka riƙa barci irin na masu rai mana!"

Haka aka yi ta yi har bazara ta wuce. Tudora ta rame. Ko a coci take tsaye kunnenta na gida. Sai wata Laraba tana wanke kofi sautin ya ɗauke, ita kuwa ba ta motsa ba. Ta ƙarasa wanke kofin, ta ɗauraye, ta kife shi, ta goge hannu, sannan ta tafi. Lafiyarsa ƙalau, akwatin ne dai. Amma da ta dawo kicin ta zauna ta daɗe tana kallon kofin nan. Ta gane in aka ci gaba a haka, ranar da kiran zai zama na gaske za ta tsaya goge hannu.

Ran Lahadi Mirela ta kira ta bidiyo kamar kullum. Tudora ta riƙe wayar a gaban uban, ya yi ƙoƙarin gyara murya, ya ce sauƙi yake samu. Da ya gaji ta juyo da wayar wajenta.

"Mirela, akwatin nan naki zai kashe ni kafin ubanki. Ki sa a zo a ɗauke shi, ko ki aiko da mai hankali."

"Nuna min shi, Tanti."

Ta nuna mata.

"Tsaya. Mene ne wancan a kansa?"

"Saƙata ce ta kwarashi. Da ɗan mutum-mutumin masunci na tangaran na mahaifiyarki."

"Wayyo Tanti! Kin toshe masa hanci! Ramukan nan na sama ta nan yake fitar da zafi. In ya yi zafi kashe kansa yake don kar ya ƙone. Tun yaushe kika rufa?"

"Tun ranar da na fara share gidan nan. A bar abu tsirara a falo kamar gidan gwauro? Limamin coci na shigowa, mutane na shigowa. Talabijin ɗina shekara nawa yana da nasa, bai taɓa yin ƙorafi ba."

"Cire, don Allah. Kar ki ƙara ɗora masa komai."

Ta ɗauke masuncin, ta yaye saƙar. Farin zaren ya yi ruwan ƙasa a tsakiya kamar an manta dutsen guga a kai. Da aka kashe wayar ta juya ta ga kafaɗun Nea Anghel na rawa. Dariya yake, tari na tare shi.

"Ka sani ke nan?"

"Na yi zargi."

"Shi ne ka bar ni ina zarya kamar mahaukaciya?"

"Wa ke jayayya da mai kawo masa miya?" Ya numfasa, sannan ya ƙara. "Kuma in kin shigo a guje ɗin nan, sai in san za ki zo."

Ta ninke saƙar ta cusa a aljihu, ta fita. Ran nan romonsa bai ji gishiri ba.

Daga nan akwatin bai sake ɗaukewa ba. Tudora ta samu ta riƙa zama tana miƙe ƙafa, har gyangyaɗi takan yi da rana. Ta bango take bin wuninsa. Da safe addu'ar coci, sai labarai, sai waƙoƙin ƙauye. In aka gama waƙoƙin aka shiga shirin 'yan ƙwallo, inda maza ke bugo waya suna ihu a kan alƙalin wasa, nan take zai canza tasha. Yakan ce ya gama jin ihun maza a jirgi, ba zai ƙarasa kwanansa da shi ba. Jikinsa kuwa kullum baya yake yi. Ya daina cin tuwo, sai ruwan romo. Limamin coci ya zo ya ba shi jibin Ubangiji, ya tafi. Mirela ta ce ta sami mai canjinta, ƙarshen wata za ta taho.

Ranar Talata ce, lokacin da kowane gida a benen ke gasa tattasai da yalo don ɗura miyar hunturu a kwalabe. Tudora na zaune da babban kwano a cinya tana ɓare gasasshen tattasai, hannuwanta baƙi ƙirin, ruwansa na bin gwiwar hannunta. Waƙoƙi suka ƙare. Wani mutum ya fara ihu wai an saye alƙali. Ta ɓare tattasai guda, ta ɗauki wani. Wani ya karɓe da nasa ihun, wai shi tun yana yaro bai taɓa ganin fenariti irin wannan ba. Muryoyin na fitowa tas, har ƙarar kujerar mai gabatarwa tana ji.

Sai hannunta ya tsaya. Bai canza tasha ba.

Kwanon ya kife a ƙasa. Wannan karon ko silifa ɗayan ba ta saka ba.

Ya zame gefe, kansa ya sauka daga matashi, hannu ɗaya na reto. Rimot na ƙasa, murfinsa ya ɓalle, batir ɗaya ya gangara ƙarƙashin tebur. Ya nemi dannawa, abin ya suɓuce masa. Numfashinsa na fita da ƙyar, da dogon tsayawa tsakani.

"Ina nan, Nea Anghel. Na zo."

Ta zaro ashana, kwalin ya jiƙe da ruwan tattasan hannunta. Ta ƙyasta, kan ya murmushe. Ta sake, tsinken ya karye. Ta zubar da kwalin, ta ja ƙafa zuwa kusurwa inda 'yar fitilar mai ke ci gaban hoton Maryama, ta yi ɗage har gwiwarta ta yi ƙara, ta kara lagwanin kyandir ɗin a wutar. Ya kama. Ta kare shi da tafi ta dawo a hankali.

Ta ɗago hannunsa, ta naɗe kumburarrun yatsun a jikin kyandir ɗin, ta rufe da nata hannuwan biyu.

"Ga shi. Buɗe ido ka gani. Ga haskenka."

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallon wutar, goshinsa ya saki. Leɓensa ya motsa, ta sunkuya ta kara kunne.

"Canza... tashar nan."

"In na saki hannunka faɗuwa zai yi. Haƙuri za ka yi da su yau."

Kamar ya so yin murmushi. Ta fara addu'ar Ubanmu wanda ke cikin sama, ta ɗaga murya don ta rinjayi masu gardamar ƙwallo, ba ta rinjaye su ba. Kafin ta kai ƙarshe ya ja numfashi ɗaya mai tsawo, ta jira na bayansa, bai zo ba.

Ta ƙarasa addu'ar ita kaɗai. Akwai abubuwan yi na al'ada: a buɗe taga, a rufe madubi, a kira Mirela, a gaya wa matan bene. Ba ta tashi ba. Ta zauna a bakin gadon da hannunsa cikin nata, ƙafafunta ba takalmi a kan siminti mai sanyi. Kyandir ɗin na narkewa yana gangarowa ta tsakanin yatsunsu, yana bi ta kan baƙin ɓawon tattasai, yana daskarewa fari.